Magajiya Daurama a Kan Mumbari: Sharhi a Kan Labarin Sarauniyar Daura ta Ƙarshe

A wani ɗaurin aure da na halarta a wata ƙaramar ikkilisiya a karkarar Babura, mai wa'azin ranar wani matashin mai bishara ne da bai daɗe da gama makaranta ba. Ya ɗauko labarin Bayajida ya yi misali da shi. Ya ce a lokacin da Daura take hannun mace, macijiya ce ta tare rijiya ta hana mutane ruwa, amma da namiji ya zo ya sare kanta ya auri sarauniya, sai gari ya zauna lafiya. Ya haɗa wannan da Farawa 3:15, ya ce Bayajida hoton Almasihu ne, ya rufe da cewa duk gidan da mace take gaba ba a rasa maciji a rijiyarsa. Maza suka yi dariya. 'Yan Zumuntar Mata, waɗanda tun asuba suke bakin murhu, waɗanda kuma su ne suka tara kuɗin kwanon da aka rufe ɗakin sujadar da shi, suka sunkuyar da kai. Na sha jin irin wannan misali a bakin waɗanda suka girme shi, shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu duba labarin da kyau, mu ga ko yana faɗin abin da muke sa shi ya faɗa.

Kowa a ƙasarmu ya san labarin. Baƙo ya taso daga Bagadaza ya sauka Borno, ya auri 'yar Mai, ya gudu da ita da ya ga ana ƙulla masa makirci, ya bar ta da ciki a Garun Gabas ta wajen Haɗeja. A Gaya maƙera suka ƙera masa takobi. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijiyar da ake kira Sarki. Ya je ya kashe ta. Sarauniya ta yi alkawarin rabin gari, shi kuwa ya ce aure yake so. Daga nan sarautar mata ta ƙare.

Abu na fari da ya kamata mai hidima ya lura da shi shi ne, labarin ya bi ta hannuwa da yawa, kowane hannu kuma ya bar shaidarsa a jikinsa. An kafa birnin Bagadaza a shekara ta 762, a matsayin gidan halifofin Abbasiyawa. Wanda ya ce kakansa daga can ya fito yana neman daraja ce a idon duniyar Musulunci. Ranar Juma'a ma, a garin da ake cewa bai riga ya musulunta ba, tana nuna bakin wanda ya sake ba da labarin daga baya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisur, ya kawo wata ruwaya dabam, inda Bawo bawa ne na Sarkin Borno, ba ɗan wani basarake daga Gabas ba. Baturen mulki H. R. Palmer, wanda ya buga labarin a Sudanese Memoirs a 1928, ya so ya haɗa Bayajida da Abu Yazid, ɗan ƙabilar Berber ta Afirka ta Arewa da ya yi wa Faɗimiyawa tawaye ya mutu a 947, domin Turawan zamaninsa ba su cika yarda baƙar fata zai kafa mulki ba sai da hannun wani daga waje. Kowa ya ja bargon ya rufe ƙafarsa.

Aikin da labarin yake yi shi ne rabon halacci: su wa suka cancanci sarauta, su wa ba su cancanta ba. 'Ya'yan Bawo shida, wato na Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, tare da Biram, su ne Hausa Bakwai. Zuriyar Karɓagari, ɗan kuyangar, su aka laƙaba wa Banza Bakwai, a cikinsu har da Gwari, Nufawa, Yarabawa da Kwararrafa. Faston da yake da Bagwari ko Bayarabe ko Bajukune a kan bencin ikkilisiyarsa, kamar yadda muke da su a Kazaure da sauran garuruwanmu, ya yi tunani sau biyu kafin ya hau mumbari da labarin da yake kiran kakanninsu banza.

Yanzu mu koma ga ita sarauniyar, domin a nan ne wa'azin da na ji ya fi kauce hanya. Jerin sarakunan Daura ya fara da mata, wajen goma sha bakwai, daga Kufuru. A wannan jeri an sa Daurama a tsakiya, ana cewa ita ce ta taso da gari daga Tsohon Birni zuwa inda yake yanzu har ya ɗauki sunanta, ta ƙarshe kuma sunanta Shawata. A bakin jama'a dai Daurama ce matar Bayajida, da wannan suna zan ci gaba da kiranta. Ko ta yaya aka ɗauka, labarin da kansa ya shaida cewa mata sun riƙe garin tsara bayan tsara, ya tsaya, ya ƙaura, ya bunƙasa har baƙo daga nesa ya ga ya isa a nemi aurensa. Ba a ko'ina labarin ya ce macijiyar ta shiga rijiya domin mace ce take sarauta. Mai wa'azi ne ya ƙara wannan daga aljihunsa. In kuwa laifi za a nema, Daura tana da maza a wannan dare. Tana da Galadima, tana da Ƙaura. Ruwayar ta ce da gari ya waye aka aika a dubo, Galadima ya kasa matsawa kusa, Ƙaura ne ya iya taɓa gawar. Shekara nawa suka yi suna jiran Juma'a kamar kowa?

Dubi kuma yadda take tafiyar da al'amari. Da mutane suka yi ta zuwa kowa yana cewa shi ya kashe, ba ta gaskata baki ba, sai da aka kawo kan macijiyar. Ta yi alkawari a bainar jama'a, ta cika shi. Da ta ba baƙon kuyanga Bagwariya, kuyangar ta haifi ɗa ta sa masa suna Karɓagari, sai sarauniya ta gane inda aka dosa, ita ma ta haifi nata ta sa masa Bawo, wato a maido da garin. Sunayen biyu gardama ce ta gadon sarauta tsakanin mata biyu, kuma Daurama ce ta ci. Ga abin da masu misali da labarin ba sa lura da shi: Bayajida yana da 'ya'ya uku maza, Biram da Karɓagari da Bawo, ubansu ɗaya. Abin da ya ɗaga Bawo bisa 'yan'uwansa har aka ce daga gare shi sarakunan Kano da Katsina da Zazzau suka fito, uwarsa ce. Labarin da ake cewa ya kawar da mace daga mulki, ta wurin macen yake ba maza shida izinin mulki. Sarautar Magajiya ma ba ta mutu ba a Daura, ta ci gaba a fada da nauyinta, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1978 a kan al'amuran Daura. Haka Inna a Gobir, haka Iya a Maraɗi.

Labarin Daurama ya zo mana ta baka, daga fadar waɗanda suka gaje ta. Don mu ga abin da yakan faru da sunan sarauniya ta ƙarshe a hannun wanda ya karɓi gadonta, yana da amfani mu leƙa wani wuri inda akwai takardu da ranaku. A tsibirin Madagaska, gabas da Afirka, Ranavalona ta Uku ta hau gadon sarauta a 1883 tana da shekara 21. Kirista ce 'yar Furotesta, a masarautar da Ranavalona ta Biyu ta karɓi baftisma a 1869. Sojojin Faransa suka ci birnin Antananarivo a watan Satumba na 1895. A shekarar da ta biyo Faransa ta mai da tsibirin mallakarta, Janar Gallieni ya sa aka harbe kawun sarauniyar da wani babban ministanta, sa'an nan a Fabrairun 1897 ya fitar da ita daga fada aka kai ta tsibirin Reyuniyon, daga baya Aljas, inda ta rasu a 1917 ba ta sake ganin ƙasarta ba. Wanda ya san yadda Turawan Ingila suka yi da Sarkin Kano Alu bayan 1903, har ya ƙare kwanansa a Lokoja, ya san irin wannan tafiya. Waɗanda suka tuɓe ta sun fi son a tuna da ita a matsayin baiwar Allah mai son kayan ado na Faris, wadda firaministanta kuma mijinta Rainilaiarivony yake juyawa. Gaskiya ne shi yake riƙe da gwamnati. Amma in da ita ba kome ba ce, me ya sa sai da aka raba ta da tsibirin da dubban mil kafin Faransa ta sami barci? Ba jinsinta ne ya kā da masarautar ba, igwa ce, igwar da ta kā da sarakuna maza a Kano da Sakkwato bayan shekara shida. Da wani ya tashi a mumbari ya ce Madagaska ta faɗi domin mace ce take mulki, da mun ce bai san tarihi ba. Abin da muke yi wa Daurama ke nan.

Saura batun nassi, wanda shi ne ainihin aikinmu. Kama ta waje ba ta isa ta mai da mutum hoton Almasihu ba. Akwai maciji a Farawa 3, akwai macijiya a Kusugu, iyakar dangantakar ke nan. Bayajida ya kashe domin shi da dokinsa suna jin ƙishi, ya ɓoye kan a jaka don ya zama hujjar neman lada, ya kuma karɓi ladan da ya fi wanda aka yi alkawari. Ubangijinmu ya ci nasara ta wurin ba da ransa. A ɗaurin aure kuwa, mutumin da ya bar matarsa da ciki a hanya ya wuce gaba ya yi wani aure ba shi ne za a nuna wa ango ba.

In mai wa'azi yana son baƙo a bakin rijiya, Littafi Mai Tsarki cike yake da su. Baran Ibrahim da Rifkatu a Farawa 24, Yakubu da Rahila a sura 29, Musa yana gudun Fir'auna ya kāre 'ya'yan firist na Madayana daga makiyaya a Fitowa 2, kowannensu ya ƙare da aure. A Yahaya 4 kuma Yesu ya zauna a rijiyar Yakubu a gajiye, ya roƙi ruwa a hannun mace, bai karɓe mata kome ba, ita ce ma ta bar tulunta ta koma gari ta kira mutane. In kuma sarauniya yake nema, ga Ataliya a 2 Sarakuna 11, mace ɗaya tak da ta hau gadon Yahuza, ta yi shekara shida. Nassi ya hukunta ta saboda jinin 'ya'yan sarauta da ta zubar, da kuma sujadar Ba'al ta gidan Ahab, irin laifin da aka hukunta sarakuna maza da yawa a kansa. Wadda ta ɓoye jariri Yowash ta ceci zuriyar Dawuda ita ma mace ce, Yehosheba. Debora ta yi wa Isra'ila shari'a. Da aka tsinci littafin Doka a zamanin Yosiya, wurin annabiya Hulda sarki ya aiki babban firist. Na san muna da bambancin ra'ayi a kan 1 Timoti 2 da matsayin mata a shugabancin ikkilisiya, ba kuma wannan gardama nake so in yanke a nan ba. Wanda yake da matsayi a kanta ya kafa shi da nassi, ya bar rijiyar Kusugu.

Bayan an ci abinci na ja matashin gefe ƙarƙashin dalbejiya, na tambaye shi wace ce uwar Bawo. Ya faɗa. Na tambaye shi wace ce uwar Karɓagari, da wanne cikinsu ya gaji garin. Ya yi shiru, can ya ce, “Baba, ai ni daga wajen takobin nake kallon labarin.” Muna cikin haka shugabar Zumuntar Mata ta zo wucewa da tulu a ka, ta gaishe mu, ta ce da shi, “Malam, an gode da wa'azi. Sai dai rijiyar garin nan ba maciji a ciki, guga ce ta tsinke tun makon jiya, mun kuma gaya wa dattawa.”