Sharhi a Kan Labaran Ziyarar Santambul

Labarin tafiya reshe ne na rubutun zube wanda ya daɗe da kafuwa a Hausa, aƙalla tun 1944 da aka buga Tafiya Mabuɗin Ilmi na Alhaji Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943. Maƙasudin wannan 'yar takarda shi ne a dubi wani sabon rukuni na irin waɗannan labarai, wato na mutanenmu da ke ziyartar Santambul ta ƙasar Turkiyya, su dawo su rubuta abin da suka gano a jaridu da intanet.

Abin da mai nazari zai fara lura da shi shi ne zubinsu ɗaya ne, kai ka ce mutum guda ya rubuta su. An sauka daga jirgi, an je Aya Sofiya, an tsallaka masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, an leƙa fadar Topkapi, sai kasuwa. Ta fuskar salo kuwa, kirari ya kori bayani. Kowane gini ƙasaitacce ne, kowace ƙubba abin mamaki, daga nan sai marubuci ya ce abin sai wanda ya gani. To, in sai wanda ya gani, me ya kawo rubutun?

Ɗauki Aya Sofiya alal misali. Galibinsu masallaci kawai suke kiransa su wuce. Alhali kuwa coci ne da Sarkin Rum Jastiniyan ya kammala a 537, ya kuma shekara fiye da 900 a haka kafin Sultan Muhammadu na Biyu ya ci birnin a 1453 ya mai da shi masallaci. Gwamnatin Ataturk ta mai da shi gidan tarihi a 1934, sannan aka koma salla a cikinsa a watan Yuli na 2020. Har yau akwai siffofin Annabi Isa da Nana Maryam a bangayensa, ga kuma manyan alluna masu sunan Allah da Annabi da halifofi huɗu. Wanda ya tsaya tsakanin waɗannan abubuwa biyu bai ce uffan ba, ya tauye mai karatu, musamman mai karatun ƙasa irin tamu da Musulmi da Kirista ke zaune tare.

A gaskiya akwai inda sukan yi abin yabo. In suka iso ɗakin amanoni a Topkapi, inda aka ajiye alkyabbar Manzon Allah (SAW) da takubba da sauran kayan da aka fara kawowa bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, sai ka ji alƙalami ya nutsu. Kirari ya ragu, ana faɗin abin da ido ya gani da karatun Alƙur'anin da kunne ya ji. Nan ne kaɗai nakan ji marubucin da kansa yana magana.

Amma babban giɓin, a ganina, yana cikin gidan matan Sultan. Mashigar wannan sashe ta farfajiyar babanni take, bayi baƙar fata da aka kwaso yawanci daga Habasha da Sudan aka dandaƙe. Ba baƙon abu ba ne gare mu, domin tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa ya ba babanni sarauta. Bahaushe ya fi Bature sanin abin da yake kallo a nan, duk da haka shiru kake ji. Ko kunya ce, ko kuwa ɗan rakiya ne bai tsaya ba?

Ga Alhaji Bashir Aga, bawan Habasha, wanda ya shugabanci babannin da ke hidimar kabarin Annabi a Madina, sannan ya riƙe shugabancin babannin fadar daga 1717 har rasuwarsa a 1746. Ya tara littattafai masu yawa, ya gina masallaci da makaranta da ɗakin karatu. Masallacin nasa na nan tsaye, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa daga ƙofar Topkapi, amma a duk labaran da na karanta babu wanda ya ambace shi.