Masu Ƙidayar Bishiyoyi Daga Sama

An daɗe taswirorin dazuzzukan duniya suna nuna yankin Sahel a matsayin fili fetal. Tauraron ɗan Adam na Landsat, wanda masana suka fi dogaro da shi, kowane ɗigo na hotonsa faɗin mita 30 ne a ƙasa, don haka gawo ɗaya tilo a tsakiyar gona sajewa yake yi da launin rairayi. Taurarin kamfanoni kuwa suna rarrabe abin da bai wuce rabin mita ba, sai dai hotunansu na sayarwa ne, kuma da ɗan karen tsada.

Majalisar dokokin Amurka ce ta share hanya. A 1992 ta yi dokar da ta tsara bai wa kamfanoni lasisin harba taurarin ɗaukar hoton ƙasa. A 1998 kuma wata doka ta umarci NASA ta riƙa sayen bayanan binciken ƙasa daga 'yan kasuwa, muddin sun biya buƙatar kimiyya kuma farashin ya yi daidai. Ga kuma yarjejeniyar NextView, wadda hukumar NGA mai tattara taswirorin tsaro ta ƙulla da kamfanin DigitalGlobe, ta bai wa masu binciken da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu damar amfani da hotunan da aka riga aka biya.

Samun hoto daban, iya karanta shi daban, kuma a nan ne Martin Brandt na Jami'ar Kofanhegan da Compton Tucker na NASA da abokan aikinsu suka burge ni. Bishiya daga sama ba ta da gindi, ba ta da reshe, tabo ce kawai. Yaya za a bambanta ta da dutse, ko kufan rijiya, ko cunkoson ciyawa? Da farko suka zaɓi lokaci: hotunan rani, sa'ad da ciyawa ta bushe amma ganyen bishiya yana nan. Duk manomin da ya san gawo, mai fitar da ganye lokacin da damina ta wuce, zai gane hikimar wannan zaɓi. Sannan suka dogara da inuwa, domin abin da ke da tsayi ne kaɗai ke jefa inuwa a gefensa.

Sai aikin haƙuri. Brandt ya zauna gaban kwamfuta yana zagaye kan kowace bishiya da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, har kusan 90,000, daga tudun rairayi zuwa fadama zuwa bakin gari. Da waɗannan ya koya wa na'ura, kamar yadda makiyayi ke nuna wa ɗansa shanun garke har yaron ya san kowace da kamanninta. Inda na'urar ta yi kuskure, a koma a ƙara mata misalai daga irin wannan ƙasa. Wanda bai taɓa taka Sahel da ƙafarsa ba, ina ganin, ba zai iya wannan gyara ba.

A 2020 suka bayyana sakamako a mujallar Nature: bishiyoyi sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, cikin murabba'in kilomita miliyan 1.3, har a wuraren da ake ɗauka babu komai. A 2023 suka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, ya ratsa Nijar da arewacin Najeriya da Chadi da Sudan, da hotuna sama da 300,000. Bishiya biliyan 9.9 suka samu, kowace da wurinta da faɗin kanta, har da ƙiyasin sinadarin kabon da ta adana a itace da ganye da saiwa.

Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Lasisin irin waɗannan hotuna bai yarda a raba su ga kowa ba. Malamin jami'a a Kano ko Maraɗi yana iya karanta sakamakon, amma ainihin hoton gonakin garinsu, in ba yana cikin aikin da Amurka ke ɗaukar nauyi ba, sai ya nemi kuɗi ya saya daga kamfanin.