Garwashin Bud's Broiler

New Orleans gari ne da ke ji da tukunyarsa: miyar gumbo, jatan lande, burodin po-boy. Duk da haka, cikin abin da ɗan garin ke kewa idan ya yi nisa da gida har da boga, wato niƙaƙƙen naman sa da ake gasawa a cusa cikin burodi, ta wani gidan abinci mai suna Bud's Broiler. Alfred Saunders, wanda aka fi sani da Bud, shi ya buɗe shagon farko a 1952 a kan titin Airline da ke Metairie, daf da birnin. Rassa sun ƙaru a hankali, amma sama da shekara saba'in ke nan harkar tana nan a New Orleans da kewayenta.

A ganina gawayi ne ya raya gidan, kuma shi ne ya ɗaure masa ƙafa.

Lokacin da Bud ya hura wutarsa, sana'ar boga a Amurka ta riga ta kama wata hanya. Tun 1948 'yan'uwan nan biyu masu McDonald's suka tsara kicin ɗinsu na San Bernardino yadda kowane ma'aikaci abu ɗaya zai riƙa yi, nama kuwa a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai zafi bai ɗaya. Daga baya Burger King ta rungumi na'ura mai iskar gas wadda ke jan naman ta ratsa da shi cikin wuta. Manufar ita ce ɗan koyo ma ya iya, ɗanɗano kuma ya zama ɗaya a reshe dubu.

Garwashi ba ya karɓar wannan horo. Sai an hura shi tun kafin mai saye ya iso, a ƙara gawayi, a kwashe toka, a kankare ragar ƙarfe. Wani gefen murhu ya fi wani zafi, zafin rana tsaka ba shi ne na dare ba. Ƙamshin da ake bi ma yawancinsa daga maiƙo yake: kitse ya narke ya ɗiga kan garwashi, ya ƙone, hayaƙinsa ya taso ya kama naman. In ɗigar ta yi yawa wuta ta tashi, sai baki ya ji ɗaci. Dole ke nan a sami mai ido da hannu a tsaye, kamar dai mai tsire da ya san lokacin juya tsinke ba tare da duba agogo ba. Irin wannan mutum ba a samar da shi da takardar umarni, shi ya sa buɗe sabon reshe yake da wuya.

Sauran al'adun gidan sun taru ne a gefen wutar. Da lamba ake oda. Ka ce lamba huɗu, a ba ka nama da gurzajjen cuku, wanda ake barbaɗawa ba a narkar ba, da jan romo mai ƙamshin hayaƙin icen hikori, a tambaye ka ko da albasa. Teburan katako ne, cike da sunayen da masu ci suka sassaƙa. Baƙo zai iya cewa naman siriri ne, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda ya saba da manyan boga na zamani ba lalle ya ga abin yabo ba.

Guguwar Katrina ta 2005 ta rufe reshen titin City Park, wanda ke kusa da tsoffin maƙabartun birnin, sai bayan shekaru aka sake buɗe shi, jama'a suka yi dafifi. Wannan ya sa wasu ke cewa tunanin ƙuruciya kawai ake saye a Bud's. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ban yarda duka ba. Da tunani ne kaɗai, da 'yan garin ba su riƙa gardama kan wane reshe ne ya fi iya gashi ba, alhali suna ɗaya ne a kan allo, lambobin ma iri ɗaya.