Jijiyar Jiki ko Bututun Roba: Shawarar da Gwanin Tiyata Ke Yankewa

Idan jijiyar da ke kai jini ƙafa ta toshe, saboda ciwon suga, shan taba ko kitse, sai ƙafa ta riƙa ciwo ko da mutum na kwance, miki ya ƙi warkewa, yatsu su fara baƙi. A nan likitan tiyatar jijiyoyi kan buɗe wa jini sabuwar hanya da za ta tsallake wurin toshewar. To, da me za a gina hanyar? Amsar wannan tambaya ita ke bambance gwani da ɗan koyo.

Zaɓin farko shi ne jijiyar maras lafiyan da kansa, wato safenas, doguwar jijiyar da ta taso daga idon sawu ta bi cikin cinya har gindinta. Jean Kunlin ne ya fara wannan aiki da ita a Faransa a 1948, kuma har yau babu wadda ta kere ta. Naka sai naka: tsoka ce mai rai, jini bai cika daskarewa a cikinta ba, tana lanƙwasa tare da gwiwa, tana kuma jure ƙwayoyin cuta.

Amma gwani ba ya ɗaga wuƙa sai ya duba ta. Zai shafa man sikanin, ya bi ta da na'ura taƙi bayan taƙi, yana zana layinta a fata da alƙalami. Yana son faɗinta ya kai milimita 3, ba ta kumbura ba, ba ta taurare ba. Sannan a cikinta akwai 'yan ƙofofi masu hana jini komawa ƙasa. Tunda a sabuwar hanyar ƙasa ake so jini ya bi, ko dai ya ciro ta ya juya kanta, ko ya bar ta a mazauninta ya zura siririn ƙarfe ya yanke ƙofofin, ya ɗaure rassanta ɗaya bayan ɗaya. Reshe ɗaya da aka manta yana iya sace jinin da aka nufi tafin ƙafa da shi.

Zaɓi na biyu bututun roba ne, Dacron ko PTFE. Yana nan a shirye kowane girma, aiki ya fi sauri, yanka ya fi kaɗan. Ga tsoho mai raunin zuciya da ba zai jure doguwar tiyata ba, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. A manyan jijiyoyin ciki zuwa cinya ma roba ake sawa, domin jini na gudu da ƙarfi a can. Sama da gwiwa tana taɓukawa. Ƙasa da gwiwa kuwa, inda jijiyoyi suka sirance, nan take gazawa. A binciken da Frank Veith ya jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 1986, bayan shekara 4 kashi 49 cikin 100 na jijiyoyin da aka dasa zuwa ƙwauri suna aiki, na roba kuwa kashi 12 kacal. Kuma idan ƙwayar cuta ta kama roba, galibi sai an cire ta.

Shi ya sa idan safenas ta lalace, ko an riga an ɗauke ta don aikin zuciya, gwani kan nemi ta ɗaya ƙafar, ko ya haɗa guntayen jijiyoyin hannu. In dole ta sa roba, yakan ɗinka 'yar guntuwar jijiya a bakinta na ƙasa don mahaɗar ta daɗe.

Duk wannan gwaninta tana da amfani ne muddin akwai sauran ƙafar da za a ceto. Mai ciwon suga da ya ga miki a ƙafa ya ƙi warkewa, ya garzaya asibiti, ya nemi a auna gudun jinin ƙafar tun kafin a fara zancen yankewa.