Shari'ar da Ake Yi wa Love Actually Duk Disamba

Duk shekara idan Disamba ta kama, gidajen talabijin na Birtaniya sukan sake haska Love Actually, fim ɗin soyayya mai ban dariya da Richard Curtis ya rubuta kuma ya ba da umarni, wanda ya fito a Nuwamba 2003. Da farko jama'a sun karɓe shi hannu bibbiyu, har ya zama ba a jin Kirsimeti ta cika sai an kalle shi. Amma da ya cika shekara goma sai iska ta juya. A 2013 Christopher Orr ya rubuta a mujallar The Atlantic yana musanta cewa akwai soyayya ta gaskiya a cikinsa, Lindy West kuma ta yi masa kaca-kaca a Jezebel. Tun daga nan ya zama al'ada: kowace shekara sai an gurfanar da fim ɗin, an karanto masa laifuffukansa, masoyansa kuma su tashi kare shi.

Laifuffukan ba ƙage ba ne. Akwai Mark, wanda Andrew Lincoln ya fito a matsayinsa, da ya je ƙofar gidan babban amininsa da daddare, riƙe da kwalaye da ya yi rubutu a kansu, yana bayyana wa amaryar aminin cewa yana son ta, alhali angon (Chiwetel Ejiofor ne, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne) yana zaune a falo bai san wainar da ake toyawa ba. A 2003 an ɗauki wannan a matsayin ƙololuwar shauƙi. Ni kuwa cin amana nake gani, kuma na ji daɗi da masu kallo suka fara kiran abin da sunansa. Akwai kuma yadda ake ta yi wa Natalie, ma'aikaciyar gidan firaminista, ba'a a kan ƙiba, yarinyar da ba ta da wata ƙiba. Uku daga cikin labaran ma duk tsakanin maigida ne da macen da ke aiki a ƙarƙashinsa. Curtis da kansa bai tsaya gardama ba. A hirarsa da Diane Sawyer a 2022 ya ce ƙarancin mutane masu launin fata daban-daban a fim ɗin yana damunsa, a 2023 kuma, a bikin adabi na Cheltenham, da 'yarsa Scarlett ta titsiye shi, ya yi nadamar barkwancin ƙibar.

Sukan da ya fi ratsa ni ma ba na wannan fim ba ne, na yayansa ne, Notting Hill na 1999 da shi ma Curtis ne ya rubuta, wanda Hugh Grant da Julia Roberts suka jagoranta. Unguwar da fim ɗin ya ari sunanta tana da tarihi mai nauyi. Nan ne mutanen Karebiya da suka zo Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka samu matsuguni a gidajen haya masu cunkoso. Nan ne gungun matasa fararen fata suka auka musu a tarzomar 1958. A shekarar da ta biyo baya aka kashe Kelso Cochrane, kafinta ɗan asalin Antigua, a yankin, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Daga wannan ciwon ne bikin kan titi na Notting Hill ya tsiro, wanda ake yi duk ƙarshen Agusta. Sai ga fim ya zo ya nuna wa duniya titin Portobello da kantin littattafai da shuɗiyar ƙofa, amma da ƙyar za ka hango baƙar fuska. Wanda kakarsa ta rayu a waɗannan lungunan yana da cikakken haƙƙin jin haushi, kuma ba na yarda a ce masa ai fim ne kawai.

To amma inda na rabu da wannan yayi shi ne yadda suka ya rikiɗe ya zama ƙidayar laifi. Mutum ya zauna gaban talabijin da jerin tuhuma a hannu, yana jiran wurin da zai ce ga shi nan, ya kama su. Mai irin wannan kallo ba ya ganin Karen. Emma Thompson ce ta fito a matsayinta: ta tsinci sarƙar zinariya a aljihun kwat ɗin mijinta, ta ɗauka tata ce, ranar buɗe kyauta sai ta tarar da faifan Joni Mitchell. Nan take ta gane sarƙar ta tafi wuyan wata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta a tsaye, ta share hawaye, ta gyara shimfiɗar gado, ta fito da fara'a domin yara suna jiran a kai su wasan makaranta. Duk macen da ta taɓa haɗiye baƙin ciki saboda 'ya'yanta ta san wannan ɗakin. Haka ma Sarah, wadda Laura Linney ta fito a matsayinta, da ta bar namijin da ta daɗe tana so domin ɗan'uwanta mai taɓin hankali ba ya iya kwana bai kira ta ba. Fim ɗin da ake cewa bai san soyayya ba shi ne ya ajiye waɗannan mata biyu a tsakiyarsa, kuma bai ba ko ɗaya daga cikinsu ƙarshe mai daɗi na ƙarya ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne raina masu son fim ɗin, kamar ba su da wayo. Ba wanda ya yarda da gaske cewa firaministan Birtaniya zai bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa yana neman budurwa. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san mutum yana iya zubar da hawaye a kan labarin da ya san ba zai taɓa faruwa ba, kuma hankalinsa garau.

Amsa mafi ƙarfi da aka ba Curtis ba a rubuce ta zo ba. A 2023 Raine Allen-Miller ta fitar da fim ɗinta na farko, Rye Lane, inda David Jonsson da Vivian Oparah suka fito a matsayin matasa biyu baƙaƙen fata da kowannensu ke jinyar rabuwa da masoyi, suka yini suna yawo a Peckham da Brixton, cikin kasuwanni da shagunan gyaran gashi da hayaniyar kudancin Landan inda 'yan Afirka da 'yan Karebiya suka yi yawa. Minti 82 ne kacal, ga dariya, ga taushin zuciya. Ba ta yi gaba da magabata ba, har Colin Firth na Love Actually ta gayyato ya ɗan leƙo a matsayin mai sayar da abinci. An zaɓi fim ɗin cikin masu takarar kyautar BAFTA ta fitaccen fim ɗin Birtaniya, Oparah kuma cikin masu takarar gwarzuwar jaruma. Duk da haka a Amurka ko sinima bai shiga ba, kai tsaye aka sa shi a Hulu. Da rabin masu ɓata daren Disamba suna tsine wa kwalayen Mark za su nemi Rye Lane su kalla, su kuma gaya wa wasu, da masu zuba kuɗi a harkar fim sun ga dalilin ba irin su Allen-Miller dama ta biyu da ta uku.