Masu Hura Gilashi

Duk wanda ya tashi a Tambuwal ko Kebbe kafin fitilar caji ta kori kananzir ya san halin ƙwan fitila. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa masa yana da zafi, sai ka ji ƙas, ya tsage. Wannan abu mai saurin fushi shi ne mutanen Murano suka mayar abin wasan hannunsu.

Murano tsibiri ne dab da birnin Venice a Italiya. A 1291 hukumar birnin ta tattara masu narka gilashi ta kai su can don gudun gobara, daga baya ma ta hana gwanayensu ƙaura, kada sirrin sana'ar ya fita.

Rairayi mai tsabta ake haɗawa da gishirin soda da farar ƙasa, su kwana a wuta mai zafin kusan digiri 1,400. Da safe abin ya yi kauri kamar zuma. Yaron aiki ya tsoma dogon bututun ƙarfe, ya naɗo curi yana ƙyalli, ya miƙa wa maigida da ke zaune a benci. Daga nan babu tsayawa. Hannun hagu na mirgina bututun, domin da ya dakata curin zai zubo gefe guda. Hannun dama na riƙe da awartaki. In ganye ake so, sai ya ja, ya tsunkule gefe-gefe, ya murɗa bakin, ya datse da almakashi. In ƙwai ne, a hura kaɗan, a juya, a ƙara hurawa. Kafin ka gama kallo gilashin ya fara sandarewa, an mayar da shi wuta. Maigida ba ya yawan magana, yaran sun san lokacin da zai buƙaci sabon curi tun bai ɗaga kai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne launi. Zinariya ke ba da ja, kobal ya ba da shuɗi, tagulla ta ba da tsanwa, amma a bakin wuta kusan duka ja-wur suke. Gwani yana aiki ne da launin da ba ya gani, sai kayan sun huce a hankali cikin murhun sanyayawa, wanda in aka tsallake shi gilashin zai fashe da kansa.

A ƙarni na 18 Giuseppe Briati ya shahara da manyan fitilun rataye masu rassa da furanni, kowane reshe an yi shi daban sannan aka harhaɗa. Amma waɗanda masu tara kayan tarihi ke rububi yau na ƙarni na 20 ne. Paolo Venini, lauya daga Milan, ya shiga sana'ar a 1921 ya jawo masu zanen gine-gine irin su Carlo Scarpa, suka rage furanni suka koma ga siffa. A 1967 Angelo Mangiarotti ya zana wa kamfanin Vistosi fitilar Giogali: ƙugiyoyin gilashi ne zalla, wannan na rataye da wancan, mai ita ya tsawaita ko ya gajarta yadda ya ga dama. Ko a kashe take, ta isa kallo.

Masu saye sukan duba ƙananan kumfa a cikin gilashin, da tabon inda aka ɓalle sandar ƙarfe, da ko ganye biyu sun yi daidai tamkar an buga su. In sun yi, to akwai alamar tambaya. Jabu ya yi yawa har yankin Veneto, inda Venice take, ya kafa tambarin shaida a 1994.

Mu ma ba baƙin gilashin Venice ba ne. Da matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya lissafa duwatsun adon Venice cikin hajar da ke ƙetaro Sahara. Kuma wanda ke son ganin irin wannan aiki da idonsa ba sai ya nemi biza ba, ya nufi unguwar Masaga a Bida. Nupawan nan, da ke cewa kakanninsu daga Misira suka zo, a da su ke dafa gilashinsu daga rairayi da kanwa, yanzu kwalaben da aka yar suke narkawa. Ba fitila suke yi ba, duwatsun wuya ne da awarwaro. Wani na zuga, wani ya naɗa narkakkiyar kwalba a tsinken ƙarfe, ya buɗa ramin, yana kaɗa shi a kan wuta har zoben ya faɗaɗa ya isa shiga hannu, kuma ka duba iya dubawarka ba za ka ga mahaɗi ba.