Likitan da Ya Mai da Ƙauye Asibiti

A shekarar 1954 wani matashin likita, Thomas Adeoye Lambo, ya dawo garinsu Abeokuta daga Ingila, inda ya karanta aikin likita a Birmingham, ya kuma ƙware kan ciwon ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan ƙwarewa. Aka damƙa masa sabon asibitin masu taɓin hankali da ake ginawa a Aro, can bayan gari. Ginin bai kammala ba, marasa lafiya kuwa ba sa jiran magina. Da wani ne, takarda zai rubuta wa gwamnati ya naɗe hannu yana jiran amsa. Lambo sai ya taka zuwa wajen dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ɗauke da buƙatar da ko yau ka kai ta wata unguwa sai an yi maka kallon kai ma ba ƙalau kake ba: ku ba majinyatana hayar ɗaki a cikin gidajenku.

Ƙauyuka huɗu suka amince. Majinyaci ya kwana a gidan manomi, da safe ya tafi asibiti a duba shi a ba shi magani, da rana ya yi aikin hannu, da yamma ya koma ƙauye ya ci tuwo kamar kowa. Babu katanga, babu kwaɗo a ƙofa. A lokacin da abin ya bunƙasa, majinyata 200 zuwa 300 ke zaune a ƙauyukan. Kada a manta da zamanin: tun da aka buɗe gidan mahaukata na Yaba a Legas a 1907, abin da hukuma ta sani game da mai taɓin hankali shi ne a kulle shi, kuma da yawa a kurkuku suke ƙarewa tare da ɓarayi.

Abin da ya fi burge ni a labarin Aro ba magungunan ba ne. Waɗannan duk likitan zamanin yana da su: ƙwayar Largactil da ta fito a farkon shekarun 1950, da jona wa kai lantarki, da sauransu. Gwanintar tana wajen riƙe mutane iri-iri da kowannensu ke da dalilin janye jiki, a kuma riƙe su shekara da shekaru ba tare da igiyar ta tsinke ba. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma ba a ajin likitanci ake koyonta ba.

Ɗauki mutanen ƙauye. Tsoronsu ba shirme ba ne. Suna da yara ƙanana, suna da adduna rataye a ɗaki, kuma sun taso da imanin cewa hauka na iya naɗe wanda ya raɓe shi. Shugaba marar dabara wa'azi zai tsaya yi musu a kan tausayi, su gyaɗa kai, ya juya baya su rufe ƙofa. Lambo ya gane cewa tausayi yana gajiya in ba a ciyar da shi. Masu gida suna karɓar kuɗin haya. Wanda yake son ƙara ɗakuna, asibiti ta ranta masa. Aka jawo ruwan famfo, aka haƙa masai, aka sa masu yaƙi da sauro. Ma'aikatan jinya suna cikin ƙauyen dare da rana, ta yadda in wani ya birkice da tsakar dare mai gida ya san ƙofar da zai buga. Sannan akwai zama da dattawa a kai a kai, inda ake baje koke. Wannan zaman, a ganina, shi ne ginshiƙin komai. Ƙorafin da aka saurara ranar Litinin ba ya zama tarzoma ranar Juma'a. Da ɗan gari akan ci gari, amma sai ɗan garin ya ga nasa rabon a cikin cin.

Sharaɗin da Lambo ya kafa wa iyalai kuwa, mu nan ba baƙonmu ba ne: kowane majinyaci sai ya zo da mai jinya. Galibi uwa ce, ko 'yar'uwa, ko goggo. Ita za ta dafa masa abinci, ta wanke kayansa, ta raka shi wajen likita. Kana iya ɗauka dabarar rage kuɗin ma'aikata ce kawai, kuma lallai ta rage. Amma duba abin da ke ƙarƙashi. Mai taɓin hankali sau da yawa ba ya iya ba da labarin ciwonsa. Uwarsa ce ta san ranar da ya daina barci, da abin da ya faru kafin nan, da kalar maganar da ba tasa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tana zaune a Aro wata da watanni, tana ganin yadda magani ke aiki, tana koyon alamun da ke nuna ciwo zai dawo, tana hira da wasu iyaye da ke ɗauke da irin kayanta. Ranar sallama ba majinyaci kaɗai ke komawa gida ba, har da ƙwararriyar mai lura da shi wadda ba a biya ko sisi don horar da ita ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Babban bala'in gidajen mahaukata a ko'ina a duniya shi ne dangi su ajiye mutum su tafi, shekara ta zama goma, gurbinsa a gida ya cike. Wanda uwarsa ke kwana a ɗaki ɗaya da shi ba a mance da shi.

Sai dai a nan ne kuma shugaba nagari yake buɗe ido na biyu. Matar nan ta baro gonarta ko sana'arta, ta baro wasu 'ya'ya. Ita ma tana iya karyewa. Duk wanda ya taɓa zaman jinya ko na mako guda ya san yadda dare ke tsawo. Mai tafiyar da irin wannan shiri in yana tambayar majinyaci ya jiki, to ya waiwaya ya tambayi mai jinya ko ta runtsa jiya. Haka ma ma'aikatansa, waɗanda ke shan zagi, wani lokaci har da mari, daga mutanen da suke wa hidima, sannan su koma gida a riƙa tsokanarsu cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ma'aikacin da aka bari ya gaji har ya ƙosa, shi ne gobe zai ɗaga hannu a kan majinyaci.

Inda Lambo ya fi shan suka daga abokan aikinsa shi ne batun masu maganin gargajiya. Mutumin da ya fito daga Maudsley, a ce ya zauna da boka? Ya zauna da su, ya kalli yadda suke aiki, ya jawo wasunsu cikin shirin. Hujjarsa mai sauƙi ce: kusan duk wanda ya iso Aro ya riga ya bi ta hannunsu, kuma zai koma wurinsu ko likita ya so ko bai so ba. Majinyacin da ya yi imani sammu aka yi masa, in ka ce masa babu sammu, bai daina imani ba, daina gaya maka kawai ya yi. A Sudan ma, takwaransa Tijjani al-Mahi ya bi irin wannan hanya da shehunan addini waɗanda jama'a ke kai musu marasa lafiya.

Amma haɗa kai ba miƙa wuya ba ne, kuma a nan ake gane gwani. Dole shugaba ya san inda zai ja layi ya tsaya a kai: addu'a da ruƙiyya da rubutun sha, bismilla; mari a ƙafa, bulala, horon yunwa, ko a ce a zubar da ƙwayar asibiti, a'a. Faɗin wannan a takarda ba wuya. Wuyar ita ce ka faɗa wa malamin da gari duka ke durƙusa wa, ta yadda ba zai ji ka ci masa fuska ba, har gobe ya turo maka wanda ya fi ƙarfinsa. Mu da muka ga abin da ya fito a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari, wasunsu da sasari a ƙafa, mun san abin da ke faruwa in babu mai jan wannan layi. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba duka mugaye ba ne. Da yawa sun rasa ƙofar da za su buga ne.

Akwai kuma hukuncin da ba wanda zai yanke wa shugaba: wa ya dace da zama cikin jama'a yau, wa ke buƙatar gadon asibiti tukuna? Kuskure ɗaya, a ce majinyaci ya ji wa yaron mai gida ciwo, ya isa ya rushe amanar shekara biyar. Tsoro kuma in ya yi yawa, sai a wayi gari an koma kulle kowa, an sake gina gidan mahaukata da sabon suna. Tsakanin waɗannan biyu ake tafiya kullum, mutum ɗaya bayan ɗaya. Haka batun aiki. Ba don a kashe lokaci ake sa majinyaci noma ko saƙa ba. Mutumin da ya kai kayansa kasuwa aka taya, ya ce albarka, aka ƙara, ya sallama, ya dawo da kuɗi a aljihu, ya samu wani abu da babu ƙwayar da ke bayarwa. Kuma maƙwabta sun gani da idonsu.

Lambo bai tsaya ga abin da ido ya gani ba. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin wani likitan mulkin mallaka a Kenya, J. C. Carothers, wanda ke nuna wai tunanin ɗan Afirka na ƙasa ne da na Bature. Amsar irin wannan magana ba zafin rai ba ce, ƙidaya ce. Lambo ya haɗa kai da Alexander Leighton na jami'ar Cornell ta Amurka, suka bi ƙauyukan Yarabawa suna bincike, sakamakon ya fito a littafi a 1963, yana nuna cewa damuwar rai da ke addabar mutum a can ba ta yi nisa da wadda ke addabar mutum a Arewacin Amurka ba. Kafin nan, a 1961, ya tara likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a taronsu na farko, a Abeokuta. Shirin da ba ya rubuta wa ya zo, wa ya warke, wa ya dawo, ranar rabon kasafi ba shi da bakin magana.

Daga baya ya tafi jami'ar Ibadan, ya zama shugabanta a 1968, sannan ya wuce Janeba inda ya yi mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004. Aro ba ta rushe da tafiyarsa ba, Tolani Asuni ya ci gaba da riƙe ta, kuma har yau asibitin na nan a hannun gwamnatin tarayya. Tsarin ƙauyen ne ya yi ta dusashewa. Abeokuta ta girma ta haɗiye ƙauyukan, gonaki suka zama filayen gini, mai gida ya samu ɗan haya ma'aikaci da zai biya shi fiye da majinyaci, matan da a da za su iya barin gida wata shida suka zama masu zuwa aiki kullum.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta ba mai taɓin hankali haƙƙinsa a takarda. Wanda za a ba riƙon irin wannan shiri gobe, a kusa da asibitin Dawanau ne ko na Barnawa ko na Kware, ba zai tarar da ƙauyen manoma na 1954 yana jiransa ba. Zai tarar da mai unguwa, da limami, da shugabar matan layi, da mai kemis ɗin da kowa ke fara zuwa wurinsa, kuma sai ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya kafin majinyacin farko ya iso.